Fure Mai Gwiwa

A unguwar Hadayek el-Maadi ta birnin Alƙahira, can hawa na huɗu na wani bene da lif ɗinsa ya mutu tun kafin su tare, akwai wata dattijuwa mai suna Mahasin wadda ba ta taɓa sayen abin goge fensir ba. Idan za ta yanka yadi, sai ta ƙura masa ido har mai kallo ya ƙosa, sannan ta sa almakashi sau ɗaya. Magana ma haka take yi da ita. Tana daɗewa ba ta ce uffan ba, amma in ta faɗa ta faɗa ke nan, ko da ta yi zafi. Mutanen gidan suna cewa halinta ne na haihuwa. Sun yi kuskure, na'ura ce ta koya mata.

Haifaffiyar Mai Wurno ce, garin nan na bakin kogi a Sudan inda kakannin kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida. Gidansu gidan lalle ne, kuma suna da wani zane nasu na kansu da ake yi wa amaren gidan a hannun dama, ana ce masa zare ɗaya. Layi ne guda. Yana farawa daga wuyan hannu, ya buɗe ya zama fure a bayan hannu, ya hau kowane yatsa ya sauko, ya ratsa ta cikin kansa, ya dawo daidai inda ya taso, ba tare da mai zanen ta ɗaga hannu ba. In an gama wa amarya, sai a yi wa uwarta. Matan gidan sun ce auren da aka yi wa zare ɗaya ba ya tsinkewa. Malamai ba su faɗi haka ba, amma ba wanda ya je ya tambaye su.

Yayarta Fadimatu ce ta gaji hannun. Ita kuwa Mahasin, ranar da aka fara ba ta lalle ta gwada, sai da aka wanke yarinyar mutane da lemon tsami har da kuka.

"Ke dai hannun gatari gare ki," in ji Fadimatu. "Je ki yi lissafinki, ki bar mana mutuncin gida."

Ta kuwa je ta yi. Lissafin ya kai ta makarantar fasaha a Wad Madani, daga can ta sami aiki a wani ofishin ban ruwa, tana zana taswirar magudanan da ke shayar da gonakin auduga. Ita kaɗai ce mace a ɗakin zane, kuma 'yar Hausawa, don haka shayi ma sai an gama zagaye ake tunawa da ita.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin aka kawo na'urar. An ware mata ɗaki mai sanyi kamar randa, ana cire takalmi a bakin ƙofa saboda ƙura. Akwati ce mai gilashi, ka ce talabijin, sai dai ba ta nuna mutum ba ta waƙa. Layi kawai take ja, kore shar a kan duhu. Manyan masu zane suka leƙa, suka taɓe baki, suka koma kan teburansu. Injiniya Munzir, wanda aka tura waje ya koyo ta, ya rasa ɗalibi, sai ya waiga ya ga Mahasin tsaye a ƙofa, takalmanta a hannu.

Na'urar nan magana biyu kawai ta sani: ɗaga da ja. Ka ce mata ɗaga, ta tsallaka zuwa wani wuri ba ta bar alama ba. Ka ce mata ja, ta miƙe layi daga inda take zuwa inda ka nuna. Akwai wasu 'yan ƙafafun juyi biyu a gefen maɓallan da ake murzawa da yatsa, wani ɗan gicciye ya yi ta yawo a gilashin har ya tsaya inda kake so. Ba ta san lanƙwasa ba. In kana son da'ira, sai ka jera mata gajerun layuka miƙaƙƙu, su yi ta karyewa kaɗan-kaɗan har su haɗu.

Babban halinta kuwa, ba ta goge layi guda. Abin da ya hau gilashin ya zauna. In ka yi kuskure, maɓalli ɗaya ne: ka danna, gilashin ya yi wata walƙiya mai kashe ido, komai ya tafi, mai kyau da marar kyau, ka sake daga farko. A makon farko Mahasin ta sha walƙiya har tana ganin kore a cikin tuwo. Munzir ba ya faɗa. Cewa kawai yake yi, "Ya Mahasin, kada ki ja layi sai kin gan shi a zaune tukuna." Kafin shekara ta zagayo, sai ta wuni tana aiki ba a ga hasken nan ya fito ta ƙarƙashin ƙofa ba. Duk magudanar da ta shayar da wani yanki na gonakin nan a shekarun, ta fara gudana ne a gilashinta, kuma ta san haka, tana kuma jin daɗinsa ba tare da kunya ba.

Da hantsi, idan maza suka fita cin wake, ɗakin yakan zama nata ita kaɗai. A nan ne shaiɗan ya raya mata ta sa zare ɗaya a cikin na'urar gwamnati. Abin da ya ja ta shi ne, zane ne mai ɗaga guda tak, a farkonsa, sauran duk ja ne. Ta ga kamar don wannan akwatin aka ƙirƙire shi. Duk hutun da ta je gida sai ta miƙa wa Fadimatu hannu ta ce a yi mata, ta kafa ido tana bin inda layin ya shiga da inda ya fito. Ta koma Madani ta raba shi gaɓa-gaɓa, daga nan zuwa can, daga can zuwa gaba. Ta ɓata, ta sha walƙiya, ta sake. Ta yi ta yi har yatsunta suka riƙe hanyar ba sai ta tuna ba.

Wata rana Fadimatu ta zo Madani biki, Mahasin ta lallaɓa da ita ofis. Fadimatu ta cire takalmi tana mita, ta ja mayafinta saboda sanyi. Mahasin ta danna maɓalli. Koren layi ya taso daga ƙasan gilashin, ya buɗe, ya hau yatsun da babu su, ya sauko, ya dawo gida. Fadimatu ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi shi da ido tun daga farko har ƙarshe.

"Hanyar dai ita ce," ta ce a hankali. Sai kuma ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Amma furenki gwiwa gare shi, Mahasin! Ko'ina gwiwa, kamar akuyar da ta durƙusa."

Mahasin ba ta gaya wa kowa wannan maganar ba. Rabin farkon ta adana, rabi na biyun kuma ta yafe.

Shekaru suka wuce. Aka fitar da na'urar aka jingine a bayan ofis, kaji suka yi ta ƙwai a kwalinta. Aka kawo sababbi masu launi, masu wani maɓalli da ke janye kuskure ya bar sauran aiki lafiya. Mahasin ta sa masa suna maɓallin da-na-sani, kuma har ta yi ritaya ana iya ƙirga ranakun da ta taɓa shi. Ta yi aure, Fadimatu ta yi mata zare ɗaya, ta haifi maza biyu da suka tafi neman abinci ƙasashen Larabawa, mijinta ya rasu suna zaman lafiya.

Sannan yaƙi ya iso Madani. Suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Fadimatu, wadda ciwon sukari ya riga ya ci ƙarfinta, ta rasu a Sinnar a lokacin da magani ya fi zinariya wuyar samu. Mahasin ta biyo 'yar Fadimatu, Hadeel, da 'yar Hadeel ɗin, Arwa, mota bayan mota har Aswan ta Masar, daga nan jirgin ƙasa zuwa Alƙahira. Gida, hotuna, akwatin lallen Fadimatu, duk suna can. Sau ɗaya kawai aka ji ta yi maganar. Ta ce, "An danna mana maɓallin nan." Ba wanda ya gane, ita kuma ba ta ƙara ba.

A Alƙahira Hadeel ta sami aiki a wani kantin magani. Arwa kuma, yarinya mai baki kamar reza, ta shiga wani shagon ɗab'i a Maadi tana tsara katunan biki da allunan shaguna a kwamfuta. A nan Harun ya same ta, wani ɗan Zariya mai karatu a Azhar da ke zaune a unguwar Hay el-Sabi'. Ya zo buga takardu, ya ji wata Basudaniya tana zagin injin ɗab'i da Hausa tsantsa, ya tsaya baki buɗe har aka tsallake shi a layi. Bayan shekara aka sa rana.

Da aka zo maganar lalle ne matsala ta taso. Tun da aka kafa gidansu ba a taɓa kai amarya babu zare ɗaya ba. Hadeel ta san kamanninsa, ai an yi mata, amma kamanni daban, hanya daban. Ta gwada da biro a bayan kwalin magani, layin ya shiga furen ya rasa ƙofar fita.

"Khalas, shi ke nan," ta ce, ta ajiye biron tana tuna uwarta. "Ya tafi da Yumma. A kira mai lalle, Arwa ta zaɓa a waya kamar kowa. Ni kuwa ba na so, kada wadda ta taɓa min hannu."

Mahasin tana gefe tana tsince shinkafa. Ta daɗe kafin ta ce, "Na san hanyar."

Arwa, wadda ke kiranta Habboba, wato kaka, ta yi dariya. "Habboba, ke? Ke da aka ce an wanke yarinya da lemon tsami?"

"Ba ni biron, ƙawata, ki rufe min baki."

Ta juya kwalin, ta ƙura masa ido har shinkafar da ta zuba a ruwa ta kusa jiƙewa. Sannan ta sa biro, ba ta ɗaga ba sai da ya dawo inda ya fara. Zanen ya fito cif, ba inda ya ɓace. Amma gwiwoyin suna nan, ko ɗaya bai bari ba.

Hadeel ta kalla sau ɗaya ta kau da kai, ta ce wa ƙanwar uwarta: "Ma'alesh, yi haƙuri, Khalti. Wannan ba na Yumma ba ne. Na Yumma kamar ruwa yake tafiya." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Maganar ta yi wa Mahasin ciwo ƙwarai, don ta san gaskiya ce. Washegari da kowa ya fita ta zauna ta ce sai ta lanƙwasa shi. Abin haushi, da zarar ta saki gwiwoyin sai hanyar ta kuɓuce mata. Hannunta bai san fure ba, gaɓoɓi ya sani, daga nan zuwa can. In ta cire wuraren tsayawa, sai ta iso yatsan zobe ta tsaya kamar baƙuwa a tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Ga kuma rawar hannu ta tsufa, wadda ba ta barin dogon layi ya tafi lafiya. Ta cika kwalaye, ta tura su ƙarƙashin gado.

Arwa ce ta zaƙulo kwalin farko. Ran Juma'a ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma ta ce, "Zo ki nuna min inda kike tsayawa." Mahasin tana nunawa da tsinke, Arwa tana dasa ɗigo. Can tsohuwar ta lura da yadda abin ke tafiya: ɗigon farko ba ya barin layi, na biyu kuwa yana jawo layi daga na farko.

"Tsaya. Wannan na farkon me ya yi?"

"Ya sauka ne kawai. Daga nan ake farawa."

"Ɗaga ke nan. Wannan kuma ja." Ta dafa ƙirji. "Ikon Allah. Duk wannan launi da ƙyale-ƙyale, ashe jikan injinmu ne! Magana biyun nan dai yake yi har yau."

"Jikan ya fi kakan ladabi," in ji Arwa. "Kalli." Ta zaɓi ɗigogin duka ta danna wani abu. Gwiwoyin suka narke. Layin ya saki jiki, ya kwanta, furen ya buɗe.

Hadeel ta fito daga kicin da tire a hannu, ta hango gilashin ta saman kan 'yarta. Ta ajiye tiren a ƙasa a hankali, ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hannun uwarta ne a gilashin, ba ragi. Sai da aka yi ta ba ta baki.

To, zane ya dawo, saura wanda zai sa shi a fata. Aka kira Shahd, wata 'yar Omdurman ta Sudan da ta yi suna a unguwar wajen lalle. Ta duba hoton da kyau ta faɗi gaskiya.

"Zan kwaikwaye shi, ba mai ganewa. Amma sai na ɗaga hannu, wallahi ko sau goma. Hanyar nan ba a koyonta a mako biyu." Ta dubi Mahasin. "Hajja, ke da kika san hanya, me zai hana? Riƙon ƙunshin ne kawai, ni zan nuna miki."

"Da gwiwoyin?" in ji Hadeel. "Ga dangin ango za su zo daga Hay el-Sabi'. Kuma lalle ne fa, Khalti, ba biro ba. In ya ɓaci ba ya gogewa."

"Na sani," in ji Mahasin. "Irin aikin da na iya ke nan."

Arwa ta dubi santalelen furen da ke kwamfutarta, ta dubi na kwalin. Ta rufe kwamfutar. "Mama, hannuna ne. Wanda ba a ɗaga ba nake so."

Shahd ta naɗe leda ta cika da lalle ta koya wa tsohuwar yadda ake matsawa da babban yatsa. Mahasin ta yi ta gwaji a bayan faranti. Sai ga shi rawar hannun da ta hana ta dogon layi ba ta da ta cewa a kan gajere. Kafin ta motsa, an riga an isa ɗigo na gaba.

Ranar lalle, bayan azahar, falon ya cika maƙil. Matan Sudan da manyan mayafansu, matan ɗaliban Azhar da hijabai har ƙasa, ƙamshin turaren wuta da gahawa mai citta ya hana numfashi. Shahd ta gama ƙafafu da hannun hagu, ta matsa gefe. Arwa ta ɗora hannun dama a kan matashi. Hadeel tana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannuwanta fari fat, ta harɗe su a ƙirji.

Mahasin ta zauna ta ƙura wa hannun ido. Ta daɗe. Wata daga baya ta yi raɗa, "Ko ta manta ne?" Ba ta manta ba, jira take ta gan shi a zaune. Da ta gan shi, ta yi bismillah ta sauke bakin ledar a wuyan hannu.

Daga nan zuwa can. Daga can zuwa gaba. Furen ya fara buɗewa, gwiwa bayan gwiwa, ƙanana, a jere, kowace daidai da 'yar'uwarta. Layin ya hau babban yatsa ya sauko, ya hau manuni, ya hau na tsakiya. A gindin yatsan zobe hannunta ya kama rawa sosai, har ledar tana kaɗawa. Mahasin ba ta ɗaga ba. Ta saki matsin, ta bar bakin ledar a kan fata, ta jira, kamar yadda ɗan gicciyen nan yake jiranta a gilashi in ta tsaya tunani. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne. Da rawar ta lafa, ta ci gaba.

Layin ya sauko daga ƙaramin yatsa, ya ratsa ta cikin furen ta ƙofar da Hadeel ta kasa samu, ya gangaro wuyan hannu, ya taɓa ɗigon farko. Sai a lokacin ta ɗaga hannu.

Shahd ce ta fara rangaɗa guɗa, falon ya ɗauka. Mahasin ta jingina da bango, ta ji wani alfahari ya cika ta har wuya, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ruwa ya fara bin magudanar da ta zana. Hannun gatari dai, ga shi ya kai amaryar gidansu.

Hadeel ta ratso cikin matan ta durƙusa gaban 'yarta. Ta kama hannun ta gefe don kada ta ɓata, ta sa ido a wuyan hannu, ta bi layin. Ta bi shi cikin furen, ta hau yatsu da shi ta sauko, ba ta tsallake gwiwa ko ɗaya ba, har ya kawo ta inda ya fara.

"Hanyar dai ita ce," ta ce a hankali.

Mahasin ta runtse ido. Muryar ma iri ɗaya ce da ta Fadimatu. Ta jira rabi na biyun, na akuya, bai zo ba. Da ta buɗe ido sai ta ga Hadeel ta naɗe hannun rigarta ta ɗora hannun dama a kan matashin.

"Saura uwar amarya, Khalti," ta ce. "Kada ki gyara masa gwiwa ko ɗaya."